Neman shawara: in jira matatar Kaduna ta tashi ko in fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi ritaya bana, kuma ina da niyyar zuba kuɗin sallamata a ƙaramar masana'antar buta da bokitin roba a Kakuri, inda na samu hayar wani tsohon sito. Ƙanena ya ce in dakata har matatar man da ke hanyar Kachia ta dawo aiki, wai a lokacin ne ƙwayar roba za ta yi araha. Tun da aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaranta a 2023 nake zuba ido. Shin jiran yana da amfani?

Wani tsohon injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai fahimci aikin matatar ba. An buɗe ta a 1980, daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, amma sashen sinadaran da aka ƙara mata a 1988 yana fitar da sinadarin LAB ne, wanda ake haɗa garin sabulun wanki da shi. Sauran kayanta, ban da fetur, kananzir da dizal, su ne kwalta, bakin mai da kakin kyandir. Ko gobe ta tashi, ba za ta ba ka ƙwayar da injinka zai narka ba, domin wannan daga kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas take zuwa, sai kuma matatar Dangote a Legas. Kada ka manta kuma cewa ɗanyen man matatar Kaduna ta bututu yake tahowa daga Escravos a jihar Delta, tafiyar fiye da kilomita 600, kuma masu fasa bututu ba su taɓa barinsa ya huta ba.

Wata mai sana'ar leda: Baba, ni wuta ce ta fi tsorata ni. Ranar da aka ɗauke ta injina yana tsakiyar aiki, roba ta daskare a ciki, muka wuni muna ƙanƙara. Ka yi lissafin janareto da dizal kafin komai, domin iskar gas ta bututun AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano), wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ba abin da za ka ɗora jarinka a kai ba ne tukuna.

Wani daga kasuwar Panteka: Alhaji, ka fara da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba ta 'yan jari-bola, kana surka ta da sabuwa, masu buta da yawa haka suke yi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, janareto mai ƙarfin nawa ne yake ɗaukar injinki?