Za mu kai yara bakin teku daga Landan, ina ya fi dacewa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Landan, yara sun samu hutun bazara, maigida ya ce ranar Asabar za mu kai su ganin teku, mu je mu dawo a ranar. Ba mu da mota, jirgin ƙasa za mu hau. Babban shekararsa 7, ƙaramar 4, babu wanda ya iya iyo a cikinsu, har ni uwarsu. Shi Brighton yake so don ta fi kusa, ni kuwa tsoron ruwan ya hana ni sukuni. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku ba ni shawara.

Wata 'yar uwa: Wa alaikumus salam. Brighton kusan awa ɗaya ce daga tashar Victoria, amma bakin ruwanta duwatsu ne zalla, ƙafar yaro ba ta jure su, ba kuma yashin da za su yi gini da shi. Bournemouth ta fi, yashinta laushi gare shi, sai dai tafiyar kamar awa biyu ce daga Waterloo. Ku nemi katin Family & Friends Railcard, yana rage wa manya kashi ɗaya bisa uku, yara kashi 60 cikin ɗari. Ƙaramar ma kyauta za ta hau tunda ba ta kai 5 ba.

Wani ɗan uwa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya raina miki shi. Kuna isa, kafin ku shimfiɗa komai, ku nemi tutoci masu launin ja da rawaya. Tsakaninsu ne masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton mutane a teku, suke sa ido, nan kaɗai yara za su taɓa ruwa. In kun ga jar tuta zalla, ko ƙafa kada a tsoma. Akwai kuma wani ƙyalle mai ruwan lemo kamar safa da ake ratayawa a sanda: yana nufin iska na turawa zuwa cikin teku, kuma ita ce ke kwashe yaran da ke kan robar da ake hurawa. Ni a ganina kada ma ku saya musu ita. Ruwan ya tsaya musu a gwiwa, babba ɗaya yana tsaye inda hannunsa zai kai gare su, ba yana kallon waya ba. Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru ku kira 999 ku ce a haɗa ku da Coastguard, wato jami'an tsaron gaɓar teku.

Wata uwa: Ni kam awa huɗu a jirgi zuwa Bournemouth da dawowa da yarinya 'yar shekara 4 ya yi mini yawa. Southend kamar awa ɗaya ce daga Fenchurch Street. Sai dai ki duba jadawalin cikowar ruwa a intanet tun daren Juma'a, don teku na cikowa yana janyewa sau biyu a rana, kuma a can in ya janye sai ya bar taɓo mai nisa. Ki tafi da rigunan sanyi da tawul, ruwan Ingila ko a Agusta sanyi ne da shi, za ki ga leɓen yaro yana karkarwa yana ce miki shi bai ji komai ba. Man kare fata daga rana ma ki shafa musu, baƙar fata ita ma tana ƙonewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da Bournemouth, jirgin sassafe. Yaya, masu ceton suna nan duk yini?

Wani ɗan uwa: Yawanci daga 10 na safe zuwa 6 na yamma ne a wannan lokacin. Ki shiga shafin RNLI ki tabbatar kafin ku fito, in kuma suka sauke tutocinsu ku ma ku fitar da yara daga ruwa.