Ina neman shawara kan mastas a fannin koyar da karatu

Malamar aji biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata takwas ina koyar da 'yan aji biyu, yanzu ina son in koma digiri na biyu a fannin koyar da karatu da rubutu. Wata yarinya ce a ajina ta ingiza ni. Tana karanta shafi tiryan-tiryan har na sakankance ta iya. Rannan na rufe hoton da tafin hannuna, na nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi, sai ta yi tsuru-tsuru tana kallona. Ashe hadda ce. Abin ya tsaya mini a rai, don ban san ta inda zan kama in taimake ta ba. Waɗanda suka yi kwas ɗin, me zan duba kafin in cike fom?

Tsohon mai duba makarantu: Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kada sunan jami'a ya ɗauke miki hankali, jerin darussan za ki fara nema. A 2000 wani kwamiti da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa ya tattara bincike kan karatu, ya tsaya a kan ginshiƙai biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimtar abin da aka karanta. In kin ga shirin ya cika da tarihin ilimi da falsafa, waɗannan kuma an dunƙule su a darasi ɗaya, ki ƙara gaba.

Mai mastas a fannin: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya fi amfanata ba a ɗakin lacca na samo shi ba. Yaya, ki tambaye su kai tsaye: sa'o'i nawa ɗalibi yake zama da yaro ɗaya mai matsalar karatu, malaminsa yana sa ido? Ni zango guda na yi da wani yaro ɗan shekara tara, kowane mako, ina naɗar muryarsa muna saurare da malamata. A mako na uku ta tsayar da faifan ta ce in sake ji. Yaron ba ya rarrabe ƙ da k a kunnensa, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne a wurinsa, ni kuwa ina ta tura masa ƙarin shafuka. Da muka ajiye littafi muka koma wasan sauti da baki, a nan ya fara motsi. Shirin da babu irin wannan zama, takarda kawai za ki fito da ita.

Malamin firamare: To mu da ba za mu iya barin aiki ba fa? Na ga ana yin na intanet.

Mai mastas a fannin: Malam, ana yi, kuma akwai masu kyau. Sharaɗin dai su sa ka ɗauki bidiyon koyarwarka a duba a gyara maka. In karatu da jarrabawa ne zalla, ban ba ka shawara ba.

Malama a kwalejin horar da malamai: Ƙanwata, yarinyarki ce ta sa na yi magana. A 1986 wasu masu bincike biyu, Gough da Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar karatu sakamakon ninka abu biyu ne da juna: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen da baki. In ɗaya sifili ne, sakamakon sifili. Taki tana da na biyu, na farkon ne babu. Don haka ki tambayi matsayin shirin kan koya wa yaro cankar kalma daga hoto, don har yanzu akwai masu koyar da haka. Ingila ta juya wa wannan baya bayan rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati kan koyar da karatu a 2006, kuma tun 2012 ana gwada 'yan aji ɗaya da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a gane mai karatu da mai hadda.

Sai abin da ya fi damuna. Yawancin binciken nan a kan Turanci aka yi shi, harshen da rubutunsa da furucinsa suke hannun riga. Hausar boko ba haka take ba, yaron da ya kama ba, bi, bu yakan yi nisa da wuri. Tamu matsalar daban ce: ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, "gari" na zama da "gari" na tuƙawa rubutunsu ɗaya. Ki nemi inda akwai malamin da ya yi aiki kan karatu a harshen uwa, shi zai duba miki kundin bincike da idon da ya dace. Ki kuma tabbatar akwai darasi kan disleksiya, wato matsalar da ke sa gane kalmomi a rubuce ya yi wa yaro wuya ko da kansa na ja.

Malamar aji biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, kafin in samu gurbi, akwai abin da zan fara yi mata?

Malama a kwalejin horar da malamai: Akwai. Ki nemi gwajin EGRA, na auna karatun yaran ƙananan azuzuwa, an tsara shi tun 2006 kuma akwai na Hausa. Ki zauna da ita ita kaɗai, ki ba ta minti ɗaya a kan haruffa, minti ɗaya a kan ƙirƙirarrun kalmomi irin su "nuɓo" da "zeki", ki rubuta inda ta cije. Ki kawo mana takardar nan mu duba tare.