Wai jikin mutum ne ke sabawa da kafso ko ƙwayar cutar?

Alhaji Direba: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganar da nake faɗa kullum ita ce jikin mutum sabawa yake da magani. Ni yanzu amoksilin ba ya min komai, na sha shi da yawa a baya jikina ya riga ya san shi, sai an haɗa min da allura nake jin daidai. Amma yaron motata da bai cika shan magani ba kafso biyu sun ishe shi ya miƙe. Saboda haka wannan surutun da ake a rediyo na bijirewar magani, wanda bai saba sha ba ba ruwansa, mu da muka sha ne abin ya shafa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Alhaji. Ranka ya daɗe ba haka bane wlh. Ba kai maganin yake nema ba ai, bakteriya yake nema, wato ƙwayar cutar, ita ce take canzawa har ya daina kashe ta. Jikinka yana nan yadda yake.

Alhaji Direba: To Hajiya ya za ki ce da masu shan tiramol? Wanda ya fara da guda ɗaya yanzu sai ya watsa biyar bai ji komai ba. Wannan ba sabon jiki bane?

Anti Nas: Wannan kam gaskiyarka ne, sabon jiki ne, don tiramol a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin mutum yake aiki, su suke sabawa. Amma penisilin da danginsa irinsu amoksilin bangon da ya kewaye bakteriya suke hana ginuwa har ta fashe, mu kuwa ƙwayoyin jikinmu basu da wannan bangon kwata-kwata, to me zai saba? Kuma in jiki ne, jaririn da aka haifa shekaranjiya bai taɓa haɗiyar komai ba sai nono, ana kawo shi da zazzaɓi a sa masa maganin farko shiru a sa na biyu shiru, shi kuma yaushe nasa jikin ya saba? A wajen haihuwa ko a hannun masu ɗaukarsa ya kwashi ƙwayar da ta riga ta gagara.

Mai Kemis: Ni ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Jabun magani ne ya cika kasuwa shi yasa mutane suke cewa baya aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 2017 tace kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A samu mai kyau a gani mana.

Ɗan Lab: Yayana wannan ma yana ciki amma ba shi kenan ba. Mu a lab ba kafson kasuwa muke gwaji da shi ba. In an kawo fitsari muna shuka shi a faranti ya kwana a ɗumi, ƙwayar da ta tsiro mu shimfiɗa ta a wani farantin, sai mu jera 'yan ƙananan takardu zagayayyu kowacce an jiƙa ta da magani daban. Washegari in maganin yana aiki zaka ga fili fes ya kewaye takardar ba abin da ya tsiro, in baya aiki kuwa zaka ga ƙwayar ta mamaye har gindin takardar tana zaune abinta. Alhaji ka lura, mai fitsarin yana gida yana barci, babu jikinsa a farantin nan, daga ƙwaya sai magani, kuma ta ƙi mutuwa. Gani ya kori ji, duk ranar da ka shigo gari ka biyo in nuna maka.

Alhaji Direba: To ita ƙwayar hankali gareta da zata gane magani ta kauce?

Malamin Bayoloji: Ba hankali bane Alhaji, yawa ne. E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, in ta samu abinci da ɗumi duk minti 20 take rabuwa biyu, kafin gari ya waye ɗaya ta zama miliyoyi, kuma duk rabuwa sai ta kwafi DNA ɗinta, wato umarnin halittarta da take gadar wa 'ya'yanta, wajen kwafin akan samu ɗan kuskure nan da can. Yawancin kuskuren ba ya amfanarta da komai, amma cikin miliyoyin nan sai a dace da guda wadda nata kuskuren ya canza daidai wurin da maganin yake kamawa. Ka sha magani, sauran suka mutu, ita ta rage, ga fili ga abinci ba mai takura mata, jikokinta su ne zasu cika wurin. Maganin bai koya mata komai ba, share mata fage kawai yayi.

A 2016 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna wannan a bidiyo, suka yi wani ƙaton faranti suka raba shi layi-layi, gefe babu magani, na gaba kaɗan, na gaba ninki 10, 100, har 1000 a tsakiya. Cikin kwana 11 kacal bakteriyar ta ratsa ta isa tsakiyar. Tarin tibi ma haka ne, canji kaɗan a wani yanki na DNA ɗin ƙwayar da ake kira rpoB shi ke sa maganin tibi rifamfisin ya daina kamawa, kuma wannan canjin ne na'urar GeneXpert take dubawa a majinar mai tari ta bada amsa cikin kamar awa biyu.

Ɗan Lab: Malam ka manta wadda tafi ban tsoro. Wasu ba jiran kuskure suke ba, karɓa suke a hannun maƙwabta. Akwai wani ɗan zoben DNA da ake cewa filasmid, bakteriya tana matsowa kusa da 'yar uwarta ta tura mata shi kamar yadda ake tura fim ta Xender, ba sai jinsinsu ɗaya ba ma. A cikin zoben akwai umarnin yadda ake haɗa wani sinadari, beta-laktames, da yake datse maganin kafin ya taɓa ta. Shi yasa aka yi Augmentin, amoksilin ne aka haɗa masa wani abu da zai riƙe wannan sinadarin. Su kuma suka fito da wasu irin da suka fi ƙarfinsa. Ɗaya daga cikinsu, NDM-1, da aka gano a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin bayan ya kwanta asibiti a New Delhi, har manyan alluran da ake ɓoyewa sai ciwo ya gagara yana lalatawa.

Alhaji Direba: Tsaya tsaya. Ita wannan ƙwayar da ta gagara a ina take zama bayan na warke?

Ɗan Lab: Tana iya zama a hanjinka ko a fatarka watanni baka sani ba.

Alhaji Direba: To alhamdulillahi ai maganata ce ta fito! A jikina take, ni da na sha da yawa ni ke ɗauke da ita. Kun zagaya kun zagaya kun dawo inda nake.

Anti Nas: Rabi ka samu Alhaji, eh wanda ya yawaita sha ya fi zama gidan irin waɗannan ƙwayoyin. Amma ɗaya rabin da kace yaron motarka ba ruwansa shi ne ba daidai ba. In da jikinka ne ya saba da abin ya tsaya a kanka kai kaɗai. Tunda ƙwaya ce tana fita, ta bayan gida, ta hannu, ta ruwan sha, kwano ɗaya kuke ci da yaron nan a tasha ko ba haka ba? Dubi abin da ya faru a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan, ƙarshen 2016 taifot ta ɓarke wadda ta gagari kuloramfenikol, amfisilin, Septrin, sifro har da allurar seftiriyazon, na haɗiya azitromaisin kaɗai ya rage, kuma yawancin waɗanda ta kama yara ne ƙanana, ta gurɓataccen ruwa suka samu ba ta yawan shan kafso ba. Da aka bincika DNA ɗinta irin wancan zoben da ƙanina ya faɗa ne ta karɓa. Dole tasa ƙasar ta shigar da sabuwar rigakafin taifot cikin na yara a 2019.

Maman Yara: Anti Allah ya saka da alheri, ni tambayata daban ce. Mu mata da ciwon sanyi fa, a sha Flagyl a sha ja da yalo a yi allurai, sati biyu ƙaiƙayin ya dawo har ya fi na da. Shima bijirewar ce?

Anti Nas: Maman yara sau da yawa ba ita bace, maganin ne ba na ciwon ba. Mai ƙaiƙayi da farin abu kamar cukwi yawanci fangas ne, wata irin ƙwayar cuta daban, ba bakteriya ba, antibayotik, wato maganin bakteriya, baya taɓa shi, sai ma ya kashe bakteriya masu amfani da ke tsare wurin fangas ɗin ya samu sarari. Kije a ɗauki samfur a duba kafin a rubuta miki komai. Amma shi fangas ɗin ma ya fara gagara fa. A Indiya akwai wani irin makero da ya ƙi jin maganin fangas da ake kira tabinafin, har suna aka ba shi a 2020, Trichophyton indotineae, kuma likitocin can suna danganta yaɗuwarsa da man shafawa mai haɗi uku ɗin nan mai sitiroyid a ciki. Irinsa ne fa matanmu suke matsawa cikin man shafawarsu don hasken fata, wasu har jarirai suke shafa wa.

Mai Kemis: Kullum dai mu ake zagi. Mutum zai shigo yace bani ja da baƙi na ɗari biyu, kace masa na kwana biyar ake sha yace kuɗinsa kenan, in ka hana shi shagon gaba zai shiga ko ya tari mai tallan magani a faranti cikin rana. Wani ma buɗe kafson yake ya zazzage garin a kan gyambo ko a cikin kunu. Kuma kuna ta cewa a je a yi kalca, wato shuka samfur a faranti ɗin nan, nawa ne kuɗin kalca kuma kwana nawa ake jira, yaro na ta zafi? Ku tambayi masu kaji mana, su da suke zubawa da cokali a ruwa tun tsaki yana ɗan kwana ɗaya.

Mai Kaji: Ka ga malam kar ka jawo ni. In ban saka ba cuta ta shiga keji ɗaya kai zaka biya ni? Kuma ai dafa naman ake.

Malamin Bayoloji: Dafuwa tana kashe ta cikin nama, amma kashin kajin fa da ake sayar wa masu lambu a buhu, da hannun mai fige su? A China a 2015 aka gano wani yanki na DNA ɗin bakteriya mai suna mcr-1 a aladu da nama da kuma majinyata, mai sa kolistin ya daina aiki, kolistin kuwa na ƙarshe-ƙarshe ne a asibiti amma can ana zuba shi a abincin dabbobi, sai da suka hana hakan a 2017. Tarayyar Turai tun 2006 ta haramta ba dabba antibayotik don kawai ta yi saurin girma. Ba wanda yace kar ka yi wa kaza mara lafiya magani, zubawa kullum ba ciwo ake magana.

Mai Kaji: Turai gwamnati na tallafa musu, ni wa ya taɓa bani ko buhun dusa?

Alhaji Direba: Ni dai har yanzu ina ganin ana zuzuta abin. Tun muna yara ake shan kafso ba a ƙare ba.

Ɗan Lab: Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta gagari magani, kuma in an auna da yawan jama'a yammacin Afirka ne kan gaba. Baka ji ba ne saboda ba a cewa bijirewa ce ta kashe shi, sai dai kaji ance taifot ce ta ƙi jin magani ko jego ne ya zo da gardama.

Alhaji Direba: To naji. Amma ku amsa min wannan, me yasa in na yi mura allura ɗaya take warkar da ni kafso kuma baya yi?

Anti Nas: Mura bairos ce Alhaji, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, ba kafson ba allurar babu mai taɓa ta, kwanakinta take cikawa ta tafi, kai kuma sai ka gaji da kafso a rana ta huɗu ta biyar kake zuwa allura lokacin dama ta kusa sakinka.

Alhaji Direba: Hajiya wannan kuma ban yarda ba, ni nasan abin da nake ji a jikina. Bari in yi lodi, in na sauka Zariya zamu ci gaba.