Me za mu kira "tax incentive" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, suka kuma fara aiki 1 ga Janairun 2026, wannan kalma ke yawo a rediyo, kowane mai fassara da tasa. Wani ya ce tallafi, wani ya ce yafe haraji, wani sassauci. A tattaunawarmu ta masu fassara ma, wani Malam da wata Hajiya da wani ɗan'uwa daga Maraɗi sun faɗi nasu, zan amsa musu a nan. Ina so mu tsayar da guda, domin masu ƙananan masana'antu suna saurare, kuma da abin da suka ji suke yanke shawara.

Ga abin da ake nufi, da misalin reshe ɗaya nata a sababbin dokokin. Kamfanin da ya ɗauki sabon ma'aikaci ya riƙe shi aƙalla shekara 3, idan aka zo lissafin ribar da za a ɗora wa haraji, bayan albashin da aka saba cirewa, za a ƙara cire masa rabin albashin. A ce mai injin casar shinkafa a Kura ya ɗauki matashi a kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara. Rabinsa 420,000. In harajinsa kashi 30 cikin ɗari ne, naira 126,000 ta tsira a aljihunsa. Babu wanda ya tura masa ko kwabo.

Shi ya sa ban yarda da "tallafi" ba. Bahaushe ya ji tallafi, buhun taki zai hango, ko kuɗi a asusu, sai ya fara neman inda ake rubuta suna. Daga nan 'yan damfara ke shigowa da fom na bogi.

Malam, ka ce "yafe haraji". Allah ya ƙara sani, amma wannan tana da mai ita. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin riba gaba ɗaya daga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, iyakar da aka sa a wancan lokacin. Wannan ita ce yafewa, ba a nemi ka yi komai ba sai dai ka kasance ƙarami, mai rajista, mai miƙa bayanan haraji. "Hutun haraji" ma a bar wa sababbin masana'antu da ake ɗaga wa ƙafa na 'yan shekaru.

Hajiya, "tukwicin haraji" da kika kawo ta yi mini daɗi a kunne, kuma ta kama wani abu na gaskiya: sai ka yi ake ba ka. Matsalarta, tukwici ganin damar mai bayarwa ne, ba ka da bakin cewa ya yi kaɗan. Wannan kuwa haƙƙi ne a rubuce. Mai kamfani na iya buɗe takardun albashi a gaban jami'in haraji ya ce ga lissafina.

Ni dai "rangwame" na riƙa, amma da ƙari. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san rangwame: ka ɗauki dila guda, a rage maka, ka ɗauki turmi ɗaya, ka biya yadda kowa ke biya. Ɗan'uwa daga Maraɗi, na gode da ka tabbatar cewa ko a wajenku, inda ake ce wa haraji lanho, rangwame ba baƙuwa ba ce. Don haka na ce babbar kalmar ta zama "rangwamen haraji mai sharaɗi", wannan reshe nata kuma "rangwamen ɗaukar ma'aikata".

Kalmar sharaɗi na fi damuwa da ita. Ita za ta sa mai shagon walda ya tambaya, wane sharaɗi? Sai ya ji cewa yaran shago da ake sallama da kuɗin abinci kullum yamma ba sa cikin lissafi sai suna da albashi a rubuce. Zai kuma ji cewa wanda tun farko an yafe masa harajin riba ba shi da abin da za a rage masa. Gara ya san haka kafin ya ɗauki mutum uku.

Saura "tax credit", inda daga kuɗin harajin kansa ake cirewa. Afirka ta Kudu na yin irinsa tun 2014 ga masu ɗaukar matasa 'yan shekara 18 zuwa 29. Wa ke da kalma?