Neman shawara: in sayar da fili in tafi Ingila karatun kasuwanci, ko in yi MBA (digiri na biyu na gudanar da kasuwanci) a gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 31, na karanta kwamfuta a jami'a, na gama bautar ƙasa a 2018. Tun lokacin ina shagon mahaifina a Kantin Kwari, ni ke yi mana odar kaya daga Guangzhou ta ƙasar China, ni ke rigima da masu kwantena da masu canji. Abin da ke damuna shi ne har yau a littafi muke rubuta bashi, kuma in Alhaji ya yi tafiya komai sai ya tsaya. Ina so in yi digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci, irin wanda ya haɗa cinikin ƙasa da ƙasa da fasahar zamani. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbi, kwas na shekara ɗaya. Ina da fili da aka taya miliyan 28. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Alhaji ya ce ba zai hana ni ba, amma fuskarsa ba ta nuna ya so ba. In sayar in tafi, ko in nemi MBA a nan gida?

Wata 'yar'uwa mazauniyar Ingila:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ɗauko kalkuleta. Kuɗin makaranta na baƙi a irin wannan kwas da wuya ya gaza fam dubu 15, wasu sun haura dubu 25. Sai kuɗin zama da za ka nuna wa masu ba da biza, sama da fam dubu ɗaya a kowane wata har wata 9, kuma sai sun kwana 28 a asusunka ba a taɓa ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga biza, ga jirgi. Ka ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne, ka ga filinka ko kuɗin makarantar bai rufe ba. Na biyu, tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu irin na aji ba ya tahowa da iyali, sai masu digirin bincike. Wato Madam da yara a Kano za ka bar su. Aiki kuma awa 20 a mako aka yarje maka lokacin karatu, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda ka buɗe sana'ar kanka ba. Na ga 'yan kasuwa irinka sun zo sun ƙare a ɗaukar kwali a sito da daddare, da safe suna gyangyaɗi a aji.

Wani malamin jami'a daga Zariya:
Malam, akwai abin da ka cakuɗa, kuma mutane da yawa suna cakuɗa shi. Kwas ɗin da aka ba ka MSc ne, wato digiri na biyu na zurfafa nazari a fanni ɗaya, ba MBA ba. MSc galibi yara ne da suka gama digirin farko kwanan nan, za ka zauna da 'yan shekara 22 waɗanda ba su taɓa sayar da ko yadi ɗaya ba, kai ne ma za ka riƙa koya musu yadda ake fito da kaya daga tashar Apapa. MBA kuwa an gina shi ne don wanda ya riga ya yi aiki, rabin amfaninsa mutanen da za ka zauna da su ne. A gida akwai Dangote Business School a BUK, nan bakinka, akwai na ABU wanda za ka iya yi ta intanet daga shago, in kuma aljihu da nauyi akwai Lagos Business School. Amma ka da ka zaɓa saboda suna. Ka nemi jerin darussan, ka duba: akwai sarrafa bayanai? Akwai tsarin safarar kaya daga masana'anta zuwa mai saye? Akwai harkar kuɗin waje? In kalmar fasaha a kan takardar talla kawai take, ka wuce.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai na saɓa da malam. Na yi MBA a wata jami'a a nan gida, ba sai na faɗi suna ba. Darasin fasahar sadarwa da muka yi, handawut ne aka ba mu wanda hotunan kwamfutar da ke ciki irin mai ƙaton ƙeya ce. Yajin aiki ya ci mana wata da watanni. Takarda na samu, ita ce ta ba ni ƙarin girma a ofis, alhamdulillahi, amma ilimin da nake aiki da shi a YouTube na koya. Kai kuma ba ƙarin girma kake nema ba, shagon na gidanku ne. In da hali, fita waje tana buɗe ido.

Wani dattijo ɗan kasuwa:
Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na shekara 30 ina shigo da kaya. Tambaya ɗaya zan yi maka: wa zai riƙe odar China in ka tafi? Ka tuna 2023 da aka saki naira, dala daga 460 da wani abu ta wuce 1,500 a cikin 'yan watanni. Waɗanda suka tsira a kasuwa su ne waɗanda suke zaune suna canza farashi kullum. Yaran da ke karatu a waje kuwa iyayensu sun ji jiki, kuɗin makaranta ya ninka uku a hannunsu. Fili kuma in ka sayar, da wannan kuɗin ba za ka sake mayar da shi ba. Shirun mahaifinka magana ce, ka je ka zauna da shi bayan isha'i ku yi ta.

Wata 'yar'uwa:
Ba wanda ya ambaci tallafin karatu. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan makaranta da kuɗin zama da jirgi, tana buƙatar shekara biyu na aiki, kuma sharaɗinta ka dawo gida aƙalla shekara biyu bayan ka gama, wanda dama niyyarka kenan. Ana buɗewa wajen Agusta. Shekarunka a Kwari aiki ne, ka daina raina su. Labarin matashin da ke son fitar da shagon mahaifinsa daga littafin bashi zuwa manhaja, irinsa ake so a rubuta. Sai dai gasar da zafi, kuma in MBA ne akwai iyakar abin da suke biya, ragowar kai za ka cika. Tunda da China kake hulɗa, ka leƙa tallafin gwamnatin China ma. Ko harshen kaɗai ka koyo, ka huta da tafinta.

Wani matashi:
Yallaɓai kai fa kwamfuta ka karanta. Littafin bashin nan ba sai ka je Ingila za ka gyara shi ba. Fara da Excel gobe, ka shigar da kaya da masu bashi, in ya zauna ka koma manhaja irin Odoo ko QuickBooks. Wata shida ka gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na danna kalkuletar, jikina ya yi sanyi, filin yana nan. Baba, na zauna da Alhaji jiya, ashe tsoronsa kar in tafi in ƙi dawowa. Na fara shigar da bashin a kwamfuta, a shafi na huɗu na gano wani kwastoma da muke bi miliyan ɗaya da rabi tun bara kowa ya manta. Zan nemi Chevening a Agusta. Kafin nan, don Allah duk wanda ya yi MBA na ABU ta intanet ya faɗa min yadda jarabawarsu take, ko sai an je cibiya ake rubutawa, don ranar Asabar ba na iya barin shago.