Dattijo mai suga da hawan jini ya daina fita zaure: ciwon ne ko damuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Dattijo ne ɗan shekara 68, ga teɓa, ga hawan jini, suga ma ya fara hawa. Tun da aka ware masa kwanonsa ya daina zama a zaure, barci ya ƙaurace masa, magani sai da lallashi. Ciwon ne ko ɓacin rai?

Malamar Jinya, Samaru:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ne, kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Likitoci na ɗaukar teɓa, hawan jini da suga matsala guda idan uku cikin biyar suka haɗu: ƙugu ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, awon jini 130/85, suga kafin karin kumallo 100 mg/dL, kitsen jini 150 mg/dL, ko kitse mai amfani a jini ya yi ƙasa. Doguwar damuwa da rashin barci na ƙara sinadarin kotisol, shi kuwa yana tara kitse a ciki, yana ɗaga suga.

Amma a fara duba magungunansa. In yana shan maganin suga glibenclamide kuma yana tsallake abinci, suga kan faɗo ƙasa da 70: gumi, karkarwa, faɗa ba dalili. In ya daɗe kan metformin, wani maganin sugan, bitamin B12 kan ragu, sai kasala da mantuwa.

Malam na Ƙofar Doka:
Yaro, ware kwanon nan ne babban kuskure. Mutumin da ya saba sa hannu a akushi ɗaya da ƙannensa da baƙi, a miƙo masa fate lami shi kaɗai, ai an mayar da shi majinyaci a gidansa. Ku gyara tukunyar kowa da kowa. Gishiri kada ya wuce giram 5 ga mutum a yini, wato ƙaramin cokali, kuma dunƙule ma gishiri ne. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ganye a wadace. Shayin majalisa a rage masa suga, kada a hana shi majalisar.

Malamar Jinya, Samaru:
Haka ne, Baba. Tafiya kuma minti 30, kwana biyar a mako. Kada a kira ta motsa jiki, zai ƙi. Abokinsa ya biyo masa su taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa. In ƙuncin ya wuce mako biyu, ko ya fara cewa gara ya huta da duniya, a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika ba jinkiri. A gaya wa likita yana da suga, don magungunan ƙwaƙwalwa irin su amitriptyline da olanzapine suna ƙara ƙiba.