Abokin cinikina na Maraɗi yana son kaya bashi, ya biya da sefa: in tura ko in haƙura?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba kai kaya Nijar. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Akwai wani bawan Allah ɗan Maraɗi, shekara huɗu yana zuwa yana saye kuɗi hannu. Yanzu ya ce in tura masa dila 12 kafin azumi, ya ba da rabin kuɗi, ragowar sai bayan sallah, kuma da sefa. Ya ce tun da aka rufe iyakarsu da Benin a 2023 kayan Kwatano ba sa shigo musu kamar da, ciniki ya buɗe. Abu uku nake tambaya: bodar Jibiya ko ta Kongolam, wacce ta fi sauƙi? Wace takarda ake nema? In karɓi sefa ko in tsaya kan naira? Ba amanarsa nake tambaya ba, na san shi.

Mai Shago a Singa: Wa alaikumus salam. Kada ka ba kowa bashi, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Hajiya Mai Turare: Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kai da kuɗi hannu kake ɗauko duk kayan shagonka?

Baban Dawanau: Yaro, zauna ka ji. Ni ma nawa mutumin mai amana ne, har gobe ba na zarginsa. Ba shi ya karya ni ba. A watan Yulin 2023 na loda mota da doya da goro zuwa Maraɗi, rabin kuɗin na surukina ne. Ranar 26 ga wata sojoji suka kifar da Bazoum. Na ce wannan rigimar Yamai ce, ina ruwan mai doya? Kwana kaɗan ECOWAS ta saka takunkumi, aka rufe boda, har wuta aka yanke musu. Motata ta tsaya a layi kusa da Jibiya, gaba mota baya mota, ko juyawa ba dama. Kullum sai a ce gobe za a buɗe. Goro ya fara baƙi, doya ta fara ruɓewa daga ƙasa, mai mota yana lissafa mini kuɗin kwana. Sati uku na haƙura na karyar da abin da ya rage a bakin titi, kuɗin da bai kai na lodi ba. Ba a buɗe bodar ba sai Maris 2024. Wata takwas ina zagaye unguwar surukina kamar mai laifi, ko gaisuwar mutuwa sai da dare nake zuwa.

Na ɗan farfaɗo, na tura kuɗi a tara mini gero a ƙauyukan Maraɗi, sai ga shi a Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. Gero nawa, a rumbun mutane, ba halin ɗaukowa. Can aka sayar, da asara.

Ɗan Kwari: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma atamfa ba ta ruɓewa.

Baban Dawanau: Yayi yana wucewa ai. Atamfar sallar bana ka kai ta baɗi ka gani.

Direban Jibiya: Alhaji, naira 9,000 ne dila daga Kano har cikin Maraɗi, da sallamar hanya da komai. Kai dai ka kawo kaya tasha.

Hajiya Mai Turare: Wane 9,000? Watan jiya 16,000 na biya, kuma ƙunshina bai kai dila girma ba.

Direban Jibiya: Hajiya an ga gwal a hannunki ne.

Na Fagge: Ni 6,000 ake kai mini, amma ba ta titi ba. Kada a tambaye ni ta ina.

Malamin Makaranta: Bari in taɓa maganar takarda tunda kowa ya tsallake ta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin kaya suna wucewa a kan tsohon tsari har sai an sake sanarwa. Su kuma ƙasashen uku a Maris 2025 suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. Abin da mutane ba sa lura da shi: sassaucin kuɗin fito na ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne. In atamfarka ta China ce, ba ta ciki, mutuminka zai biya kuɗin fito a ɓangarensu. A nan gida kuma mai fitar da kaya bisa ƙa'ida yana rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, ya cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinsa.

Direban Jibiya: Malam, da girmanka, ka taɓa tsallaka bodar Magama ta Jibiya? Shekara 19 ina bin hanyar nan, mai shinge bai taɓa tambayata wani fom ba. Abin da yake tambaya daban.

Malamin Makaranta: Ranar da aka sauke maka kayan mutane za ka san amfanin takarda.

Baban Dawanau: Takarduna cikakku ne a 2023. Su na ci?

Mai Shago a Singa: Wanda bai taɓa asara ba ya yi shiru manya su yi magana.

Hajiya Mai Turare: To asara ce ta zama digiri? Wanda bai yi asara ba ai shi ya kamata a tambaya yadda ya yi.

Mai Canji a Wapa: Maganar sefa kuwa, ni da ni ne zan karɓa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, ba ta rawa. Naira ce ke rawa. Waɗanda suke bin bashin sefa lokacin da aka saki naira a Yuni 2023 sun ci riba suna zaune. Amma in naira ta ɗan yi ƙarfi kafin sallah, kai za ka ji a jikinka. Ku rubuta adadin jikar sefa nawa ne, da shaidu biyu, kada ku bar shi a "farashin ranar biya", nan ake ɓatawa.

Na Fagge: Ko ka jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, jikanka ya kai masa kayan.

Hajiya Mai Turare: Ko ya nemi ƙanwar mutumin, bashi ya zama na gida.

Mai Shago a Singa: Duk wannan ba ita ce matsalar ba. Mutumin naka baɗi ba zai ma zo wajenka ba. Wanda ya yi atamfar a China yanzu yana da sito a Kano, yana sayar wa mai sayen dila ɗaya a farashin da yake ba ka. Wace doka ta hana?

Baban Dawanau: Da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki, wa zai yi wannan magana? Mu muke kai wa Damagaram da Agadas yadin Kano. Babu wuta, babu auduga, aka bar su suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Malamin Makaranta: Da kayan a Kano aka saƙa su, da sun shiga sassaucin da na faɗa.

Direban Jibiya: Malam ya dawo da takardarsa.

Ɗan Kwari: Jama'a na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce mini Jibiya ko Kongolam. Jibi mutumin zai kira ni.

Mai Shago a Singa: Mahaifina shekara 14 ya yi a masaƙa a Bompai. Ranar da aka sallame su ko kuɗin mota ba a ba su ba, a ƙafa ya dawo Kurna.